Wuraren Kiɗan Talakawa a Ƙasar Hausa: Misalin Birnin Gwari da Dajinta

Masu binciken kiɗan Hausa sun fi mai da hankali ga abu biyu, watau makaɗi da waƙarsa. Sun rubuta tarihin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, sun bi baitocinsu ɗaya ɗaya, sun kuma rarraba makaɗa gida gida, na fada dabam, na sana'a dabam, na jama'a dabam. Wannan aiki ne mai kyau, mun kuwa amfana da shi. Amma akwai abu na uku wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne wurin da a ke yin kiɗan. Kafin kiɗa ya tashi sai an sami fili, da lokacin da mutane suka huta daga aiki, da ɗan abin kyauta a hannunsu, da kuma kwanciyar rai wadda za ta bar su su zauna waje bayan magariba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, kiɗan ya kan bi shi, ko da makaɗin yana nan da ransa da gangarsa.

Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin waɗannan wurare, tun daga dandalin ƙauye har zuwa teburin mai shayi na bakin hanya. An ɗauki ƙasar Birnin Gwari ta zama misali domin kusan kowane irin wurin da za mu ambata ya taɓa kafuwa a cikinta ko a kewayenta, kuma domin a can ne aka ga, cikin 'yan shekarun nan, abin da ke faruwa ga kiɗa sa'ad da dare ya gagari mutane.

Gidan gahawa na Masar

Ya kyautu mu fara da wata ƙasa, don mu ga abin da mu ke da shi da wanda ba mu da shi. A Alƙahira da Santambul akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta gidan gahawa, inda maza ke taruwa su sha, su yi hira, wani kuwa yana yi musu waƙa. Wani Bature mai suna Edward Lane, wanda ya zauna a Alƙahira ya kuma fitar da littafinsa cikin 1836, ya kwatanta yadda mawaƙi ke hawa kujera a ƙofar gidan gahawa yana rera labarin Abu Zaidi na Banu Hilal, yana goga wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ɗan'uwan gogenmu. Abin lura cikin bayaninsa shi ne, mai gidan gahawa shi ke biyan mawaƙin ɗan abin da ya samu, don yana jawo masa masu saye. Masu sauraro ba tilas su ba da kome ba.

Wannan al'ada ta mutu a hannun rediyo. Najib Mahfuz ya buɗe wani littafinsa na 1947 da labarin tsohon mawaƙi wanda mai gidan gahawa ya kora, a daidai lokacin da a ke kafa akwatin rediyo a bangon gidan. To, a ƙasar Hausa ba a taɓa yin gidan sha irin wannan ba, wanda mai shi ke ajiye makaɗi don cinikinsa. Dalilin haka za mu gani a gaba. Amma bukatar da gidan gahawa ke biya wa Misirawa tana nan gare mu, sai dai waɗansu wurare ne suka biya ta.

Ƙasar Birnin Gwari

Birnin Gwari tana yamma da Kaduna da kimanin kilomita 120, watau wajen mil 75. Ƙasarta ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Jihar Neja. Ƙasa ce ta daji da duwatsu da ƙoramu, kogin Mariga kuwa yana ratsa yankin. Mazaunanta na dauri Gwari ne da Kamuku, sa'an nan Hausawa da Fulani suka yawaita, har Hausa ta zama harshen kasuwa da na fada.

Tsohon birnin yana kan hanyar fatake wadda ta haɗa Nufe da Zazzau da Kano. Cikin 1826 Clapperton ya bi ta wannan hanya daga Nufe zai tafi Kano, ya sauka a garin, ya same shi da ganuwa. Cikin rabin ƙarshe na wannan ƙarni mayaƙan Kwantagora, na Umaru Nagwamatse wanda ya rasu cikin 1876 da na ɗansa Ibrahim, suka dinga kai hari ƙasashen Gwari da Kamuku suna kama bayi, har ƙauyuka da yawa suka watse, waɗanda suka tsira suka hau duwatsu. Ba a daina ba sai da Turawa suka ci Kwantagora cikin 1901. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, gama dajin da a ke gani a yau ba duka ne ya ke daji tun fil azal ba. Wani sashe nasa kufai ne da itatuwa suka rufe.

A zamanin Turawa an sa ƙasar cikin Lardin Zazzau, amma da sarkinta da En'enta, ba ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. Cikin 1936 aka keɓe wani babban yanki na dajin ya zama gandun daji na En'e, shi ne wanda Gwamnatin Tarayya ta mai da Gandun Dajin Kamuku cikin 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000. Jirgin ƙasa bai bi ta nan ba, ya bi ta Zungeru da Minna zuwa Kaduna. Hanyar mota ce ta bi, babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta ƙetare Kwara a Jebba, ta bi Mokwa da Tegina ta nufi Kaduna, wani reshe kuma ya yi arewa zuwa Funtuwa. Ita ce ta ja garin daga tsohon mazauninsa ya dawo bakin titi.

Dandali da gona da daji

Wurin kiɗa mafi tsufa a ƙauyen Hausa shi ne dandali. Ba mai shi, ba a kuma biyan kuɗin shiga. Da dare in akwai farin wata, musamman bayan an kai amfanin gona gida, 'yammata su fito da tallansu, samari su zo, mai kalangu ko mai duma ya tsaya tsakiya. Saurayi ya ba makaɗi kwabo ko sisi don ya kama sunan budurwarsa, wani ya ƙara a kai don a juya zuwa tasa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga cikin 1954, ta ba da bayanin irin wannan wasa a ƙauyukan Zazzau tun kafin zuwan Turawa. Mamman Shata kansa, wanda aka haifa a Musawa, a dandali ya fara buɗe baki yana saurayi mai tallar goro da alewa, tun bai san waƙa za ta zama sana'arsa ba.

Ban da dandali akwai gona. In mutum ya kira gayya, masu gangar noma su kan bi bayan manoma suna kiɗa wa kowane taken sa, wanda ya riga kai ƙarshen kunya shi a ke wasawa. Bayan kaka kuma samari su yi kalankuwa, su naɗa sarakunansu na wasa. Ga kuma dambe da kokawa, waɗanda ba su yiwuwa sai da makaɗi.

A ƙasa irin ta Birnin Gwari kuwa, daji ma wurin kiɗa ne. Maharba suna da garayarsu, babbar ita a ke kira komo, da ita a ke yi musu take ran buɗar daji, ko in an kashe babban nama, ko in ɗayansu ya mutu. 'Yan tauri suna da nasu kiɗan. Fulani makiyaya suna da sarewa a bakin garke, da kiɗan sharo ran kasuwa ko ran biki. Mata a cikin gida suna da shantu da kiɗan ƙwarya, har da lugude a bakin turmi.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, kiɗan yana manne da wani aiki ko wani biki, makaɗin kuma ɗan gari ne, yawanci ya gaji abin, da damina manomi ne kamar kowa. Ladarsa dami ne na dawa, ko cinyar nama, ko 'yan kuɗi. Ba ya bukatar ɗaki, domin garin duka ɗakinsa ne.

Zango da kasuwa da gidan giya

Wuri na biyu shi ne inda baƙi ke haɗuwa. Ayarin fatake in ya sauka zango, mata masu fura da tuwo su kan fito, maroƙa su kewaye madugu da manyan ayari. A kasuwa mai kalangu yana zaune kusa da rumfar mahauta yana sanar da gari an yi yanka. 'Yan kama da 'yan gambara suna bin rumfuna suna ba mutane dariya, suna karɓar abin da ya samu. A nan ne kiɗa ya fara rabuwa da biki, ya zama abin da a ke saye don nishaɗi kawai.

Akwai kuma wurin da marubutanmu su kan ji nauyin ambata, amma tarihi ba ya cika sai da shi, watau gidan giya. A garuruwan Gwari da na Maguzawa mata ne ke dafa giyar dawa, ran kasuwa kuwa gidan mai giya ya cika da masu sha, mai molo ko mai garaya ko mai goge yana gefe. A cikin birane kuma akwai gidan Magajiya, shugabar mata masu zaman kansu, inda a ke wasan bori da garaya ko goge. In a ka ce a nemo abin da ya fi kama da gidan gahawa na Masar a ƙasarmu ta dā, watau ɗaki ko tsakar gida inda a ke sayar da abin sha a kuma yi kiɗa, to waɗannan ne.

Daga nan ne baƙin jinin kayan kiɗa masu tsirkiya ya samo asali. Malaman jihadin 1804 ba su yi wa kiɗa hukunci ɗaya ba. Veit Erlmann ya tattara abin da suka rubuta a kan wannan cikin littafinsa na 1986, ya nuna Shehu Usmanu ya bar kiɗan da ke da wata bukata, kamar na yaƙi da na tara jama'a da na ɗaurin aure, ya kuma tsananta a kan kiɗan wasa wanda ke haɗa maza da mata. Goge ya faɗa cikin kashi na biyu. Tambari da kakaki suka zauna a fada da girmansu, goge da garaya suka koma gefen gari. Wannan rabo bai gushe ba har zamaninmu.

Bariki da tasha

Zuwan Turawa ya haifi wani sabon wuri, wanda Hausawa suka kira bariki. Asalin kalmar mazaunin soja ne, amma ta faɗaɗa ta game duk inda mutane suka taru don aikin albashi nesa da iyayensu da malamansu: sansanin leburorin hanya, da tashar jirgi, da wurin haƙar ma'adini. Ɗan bariki mutum ne mai tsabar kuɗi a ƙarshen mako, ba kuwa mai tsawata masa.

Ƙasar Birnin Gwari ta san bariki ta hanyar zinariya. Bayan Ingila ta saki ma'aunin zinariya cikin 1931 sai kuɗinta ya hau, masu nema suka bazu cikin dazuzzukan Minna da Birnin Gwari da kudancin Sakkwato, suka kafa sansanoni suka ɗebi leburori. Aikin ya yi ƙarfi cikin shekarun 1930, ya ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sa'ad da Gwamnati ta juya ga kuza, har ta yi ɗibar tilas zuwa Jos daga 1942 zuwa 1944. Barikin zinariya ƙanen barikin kuza ne. Bill Freund, cikin littafinsa na 1981 a kan ma'aikatan kuza, ya bayyana yadda masu haƙa ke barin makaɗa da 'yan caca da mata su zauna a sansani, don lebura ya kashe kuɗinsa a nan, ya koma rami ran Litinin. Ashe kiɗan bariki yana da ubangida, ko da ya ke ba a wasa shi cikin waƙa.

Bayan ma'adini sai mota. Garin da ke kan babbar hanya, a bakin dogon daji, wuri ne da direba ke tsayawa ya sha ruwa ya kwana kafin ya shiga. Inda direbobi suka tsaya kuwa, nan masu abinci da 'yan kamasho da makaɗa ke taruwa. Funtuwa, a ƙarshen reshen arewa na hanyar, ta haɗa tashar jirgin da ya wuce zuwa Ƙauran Namoda cikin 1929 da injin gurzar auduga, saboda haka da kakar auduga kuɗi ya kan yi yawa a hannun mutane. Ba abin mamaki ba ne da Shata ya yi zama a can, ko da aka haifi Barmani Coge a can, wadda ta fito da kiɗan ƙwarya na mata daga cikin gida zuwa fili, ta rasu cikin 2013.

Makaɗan da suka tashi a bariki da tasha dabam su ke da na dandali. Da yawansu ba su gaji kiɗa ba. Ba su da sarki guda da su ke bi, kowa ya ba su sai su yi masa. Kayan kiɗansu marasa nauyi ne, na mai yawo: kukuma irin ta Ibrahim Na Habu da Ali Ɗansaraki da Hassan Wayam, da gurmi irin na Haruna Uji, da kuntigi. Adamu Ɗanmaraya, wanda aka haifa a Bukur cikin ƙasar kuza ya rasu cikin 2015, kuntiginsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata aka ɗaura wa tsirkiya ɗaya, waƙar da ta fara fito da shi kuwa ta karen mota ce. Abin kiɗan da wanda aka yi wa waƙar duka 'ya'yan hanyar mota ne. Daga baya masu otal na Sabon Gari a Kano da Zariya da Kaduna suka riƙa kiran irin waɗannan makaɗa su yi wasa a cikin shinge, a biya kuɗi a ƙofa. Wannan shi ne karo na farko da mai wuri ya yi ciniki da makaɗi a kan kuɗin shiga.

Teburin mai shayi

Shayi da madarar gwangwani da burodi sun bazu cikin talakawa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka bi tashoshi da bakin kasuwanni har suka kai ƙauyuka. Teburin mai shayi abu ne mai sauƙi: tebur guda, da benci biyu ko uku, da tukunyar ruwan zafi a kan murhu, da fitila. Amma ya zama majalisar gari. Nan direba ke ba da labarin hanya, nan a ke gardamar siyasa, nan baƙo ke tambayar masauki. A Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1990, samarin Damagaram da Yamai suka mai da zaman shayi ƙungiya sosai, suna kiranta fada.

To, me ya sa wannan wuri, wanda ya yi kama da gidan gahawa ta kowace fuska, bai zama wurin makaɗa ba? Muna ganin dalili uku ne.

Na farko, hanyar biyan makaɗi. M. G. Smith ya nuna cikin maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo cewa waƙar Hausa ciniki ne tsakanin mai yabo da wanda a ke yabo, a gaban shaidu. Wanda aka kama sunansa shi ke biya, yana kuwa biya ne don a gani. Mai shayi ba shi da ribar da zai ɗauki makaɗi, mai shan shayi kuma ya zo ne da kuɗin kofi guda. In maroƙi ya tsaya a kansa ya kama sunan ubansa, ya sa shi cikin kunya ke nan, gobe ba zai dawo ba. Saboda haka mai shayi ya fi son makaɗi ya wuce.

Na biyu, mutunci. Teburin shayi wuri ne na maza, sau da yawa kusa da masallaci, malami da ɗan kasuwa su kan zauna a kai ba tare da an zarge su ba. Goge da kukuma kuwa suna ɗauke da sunan gidan giya da gidan Magajiya. Mai shayin da ya bari aka yi goge a teburinsa ya sake wa wurin suna.

Na uku, kuma mafi ƙarfi, shayi da rediyo tare suka iso. An kafa akwatunan rediyo na waya a manyan biranen Arewa cikin shekarun 1940, sashen Hausa na BBC ya fara cikin 1957, gidan rediyon Kaduna na Gwamnatin Jihar Arewa ya buɗe cikin 1962, ƙaramar rediyo mai batir kuma ta yi araha cikin wannan lokaci. Mai shayi ya rataye ta a jikin tebur, ya sami Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace a kan kuɗin batir. Abin da ya kori mawaƙi daga gidan gahawa na Alƙahira, a nan ya riga shi zama a kan benci. Bayan rediyo kaset ya zo cikin shekarun 1970, sa'an nan waƙoƙin fiyano na finafinan Kano daga shekarun 1990, sa'an nan wayar hannu daga 2001.

Sakamakon wannan biyu ne. Mutumin Kuyallo ko Dogon Dawa ya san muryar makaɗan Sakkwato da Kano waɗanda kakansa bai taɓa ji ba, wannan kuwa ƙaruwa ce. Amma makaɗin garinsa ya shiga gasa da gwanayen ƙasa duka, a gaban mutanen da dā ba su da kowa sai shi.

Aikin hannu

Abin da ya sami kiɗa ya sami aikin hannu. A wuraren sha na dā, abin shan kansa aikin gwani ne: ƙwarya mai zane wadda aka ƙona da wuƙa mai zafi, da ludayi, da faifan rufi mai launi, da tulun da matan Gwari ke ginawa da hannu ba da juyi ba, su zana masa ƙadangare ko kifi ko kunama. Duniya ta san wannan gini ta hannun Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta dā, watau Suleja, cikin 1954, ta rasu cikin 1984, hotonta kuma ya hau takardar naira 20. Garinta yana can kudu maso gabas, nesa da Birnin Gwari, amma sana'ar ta matan Gwari ce gaba ɗaya.

Teburin mai shayi bai gaji kome daga wannan ba. Kayansa kofin tangaran ne, daga baya na roba. Adonsa gwangwanaye ne da aka jera bisa juna, da kalandar malamai ko ta 'yan siyasa. Zanen da ya rayu a bakin hanya shi ne na jikin motocin katako, zaki da dawaki da furanni da karin magana, wanda masu fenti na tasha ke yi. Shi ma yana raguwa tun da motocin ƙarfe suka maye gurbinsu.

Shekarun da dare ya gagara

Wuraren kiɗan bariki sun sami rauni tun daga 1999 da 2000, sa'ad da Zamfara da jihohin da suka bi ta suka faɗaɗa aiki da shari'a, aka rufe gidajen giya da na Magajiya a garuruwa da yawa, aka kuma ƙuntata wasan dare. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, dokar ta bar dandali da gona da gidan biki.

Abin da ya zo bayanta bai bar kome ba. Satar shanu a dazuzzukan Kamuku da Kuyambana ta girma ta zama fashi da satar mutane don kuɗin fansa. Cikin watan Mayu 2018 aka kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska rana ɗaya. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama ba a binta sai da rakiyar soja, manyan motoci da yawa suka sake hanya. Ƙauyuka suka tashi, gonaki suka koma saura. Cikin 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da waɗansu ƙananan hukumomi, ta hana hawan babur, ta kuma sa aka yanke layin waya a yankin har wajen wata biyu.

Mai karatu ya duba wannan jeri da idon abin da muka faɗa a baya. Ba gayya, saboda haka ba gangar noma. Maharbi ya bar farauta ya zama ɗan sa-kai, ko ya bar garin. Bafulatanin da ke zuwa sharo ran kasuwa ya zama abin tsoro ko mai jin tsoro, kasuwar ma an rufe ta. Biki ya koma na rana, a gaggauce, don taron dare kiran ɓarayi ne. Direba ba ya kwana. Har wayar da ta maye gurbin makaɗi ta yi shiru na wani lokaci. Duk wuraren da tarihi ya tara cikin shekara 200 sun rufe cikin shekara 10.

Ba mu ce asarar kiɗa ta kai asarar rai ba, Allah ya kiyaye. Amma tana da wani hali nata. Gonar da aka bari shekara goma, in an sami lafiya a kan sare ta a shuka. Taken maharba kuwa ba a rubuce ya ke ba, yana hannun tsoho guda ne, yaro kuma ba ya koyonsa sai yana bin tsohon zuwa inda a ke kaɗa shi. Yaron da ya tashi a gudun hijira a Kaduna ko Funtuwa bai bi kowa ko'ina ba.

Cikin watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da waɗansu shugabannin 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta daɗe a rufe. Motoci suka koma bin hanyar, manoma da yawa suka koma gonakinsu. Mai shayi ya kan riga kowa dawowa, gama jarinsa kaɗan ne. Makaɗi shi ne na ƙarshe, domin sai an yi girbi, an sami rara, an kuma amince da dare.

Abin da ya rage gare mu

David Ames ya zauna a Zariya cikin 1963 da 1964 yana ɗaukar kiɗa, shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa cikin 1971. Ɗandatti Abdulƙadir da Sa'idu Muhammad Gusau da almajiransu suka ɗora a kai. Amma yawancin abin da ke cikin ɗakunan ajiyarmu na makaɗan fada ne da waɗanda rediyo ta ɗaukaka. Mai gangar noma na ƙauye da mai komo na bakin daji ba su da faifai, ba su da kaset.

Saboda haka muna kira ga malaman kwalejojin horon malamai, musamman masu ɗalibai daga Birnin Gwari da Giwa da Sabuwa da Mariga da Ɗansadau. Kowane ɗalibi yana da waya mai ɗaukar murya a aljihunsa. In zai tafi hutu, a ba shi aiki ya nemi tsohon makaɗi guda na garinsu, ko yana gida ko yana gudun hijira, ya ɗauki kiɗansa da izninsa. Kada ya tsaya ga waƙar kaɗai. Ya tambaye shi ina a ke yin wannan kiɗa, da wane lokaci na shekara, wa ke zuwa, wa ke biya da me, wace shekara aka yi na ƙarshe, me kuma ya hana. Ya tambayi sunan wanda ya koya masa da na wanda shi ya koya wa, in akwai. Haka kuma a yi wa mai zanen ƙwarya da maginiyar tukwane. A rubuta sunan gari da ranar ɗauka, a ajiye kwafi a kwaleji, a aiko da ɗaya Sashen Hausa.

Aikin ba ya cin kuɗi, amma ba ya jira, gama masu amsa tambayoyin tsofaffi ne. Allah ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari da maƙwabtanta lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu, amin.